A Ingila ana ƙidayar malam-buɗe-littafi kowace shekara

Jama'a sun san ƙidayar mutane, sun kuma san ƙidayar dabbobi. To, akwai ƙasar da ake ƙidayar malam-buɗe-littafi kowace shekara. Ƙasar ita ce Birtaniya, wadda aka fi sani da Ingila, can arewa da Faransa, hayin teku. A ƙasar, gidaje da yawa suna da ƴar garka ta ciyawa da furanni a bayansu. A cikin irin wannan garka ake yin yawancin ƙidayar.

Masu wannan aiki mutanen gari ne kawai: tsofaffi, mata, manoma da ƴan makaranta. Ba a biyan su ko dala. Kowa ya ƙirga abin da ya gani, ya rubuta, ya aika. In shekara ta ƙare, masana su haɗa lissafi, su sanar da jama'a abin da aka samu.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Amma lissafin ya fito da labari mai tada hankali: ƙwarin suna raguwa, kuma raguwarsu alama ce ta rashin lafiyar ƙasa.

Wane irin ƙwaro ne?

Malam-buɗe-littafi kashi biyu ne: na rana da na dare. Na rana shi ne mai ado. In ya sauka bisa fure yakan buɗe fikafikansa ya rufe, kamar malami da littafinsa. Na dare ya fi kaurin jiki, kuma yawanci launin toka ko na ƙasa gare shi. Shi ne ke kewaya fitila da dare. A Ingila na rana iri 59 ne, na dare kuwa sun kai iri 2500.

Rayuwarsu hawa huɗu ce. Macen ta saka ƙwai bisa ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Tsutsar ta ci ta ƙoshi, sannan ta naɗe kanta cikin kwanso ta kwanta. Daga cikin kwanson ne ƙwaro mai fiffike ke fitowa.

Tsutsar ce ke cin ganye, don haka wasu iri suna ɓarna a gona. Amma mafi yawansu ba ruwansu da amfanin gona, ganyen daji suke ci. Babban ƙwaron yana shan zaƙin fure, yana kwasar garin fure daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ƙudan zuma ke yi, har shuka ta yi ƴaƴa. Tsuntsaye da tsutsar suke ciyar da ƴaƴansu. Jemagu kuma na dare suke farauta. Ƙwarin ba su da tsawon rai, ba su kuma jure wahala. In ciyawa ta ƙare ko guba ta yi yawa, suna cikin waɗanda ke fara nunawa.

Yadda ake ƙirga na rana

Wata ƙungiya mai suna Butterfly Conservation ce ke shirya babbar ƙidaya tun shekarar 2010. Ana yin ta sati uku, daga watan Yuli zuwa Agusta, lokacin da hatsi ke girma a gonakin Nijar. Mutum ya zaɓi wuri mai rana, ya zauna minti 15. A hannunsa akwai takarda mai hotunan ƙwarin da sunayensu. Don kada ya ƙirga ƙwaro ɗaya sau biyu, yana rubuta mafi yawan da ya gani tare a lokaci guda. In ya ga farare uku tare, daga baya ya ga biyu, to uku zai rubuta. In bai ga ko ɗaya ba, ya rubuta sifiri ya aika, don rashin gani shi ma labari ne. Ana aikawa ta salula ko ta intanet.

Akwai wata ƙidayar da ta girmi wannan, an fara ta a 1976. A cikinta mutum yana da hanya guda da yake bi a ƙasa sau ɗaya kowane sati, daga Afrilu zuwa Satumba, sati 26. Yana ƙirga abin da ya gifta mita 2 da rabi a damansa, da mita 2 da rabi a hagunsa. Ba ya fita sai in akwai ɗumi kuma iska ba ta da ƙarfi. Baɗi ma wannan hanyar zai bi. Wuraren da ake wannan aiki sun fi 3000.

Yadda ake ƙirga na dare

Na dare da tarkon fitila ake kama shi. Tarkon akwati ne mai fitila a bisa, da mazurari ƙarƙashin fitilar. Haske ya jawo ƙwaro, ya faɗa ta mazurarin, ya ɓuya cikin kwalin ƙwai da aka jera ciki. Da safe mai gida ya buɗe akwatin, ya duba kowane iri, ya rubuta yawansa, sannan ya sake su da ransu.

Masu garka sun fara wannan aiki tare a tsakiyar Ingila a 2003, ya kuma game ƙasar a 2007. Suna ɗana tarko dare ɗaya a sati, yawanci ran Juma'a, daga Maris zuwa Nuwamba, sati 36. Ƙa'idar ita ce a riƙe tarko ɗaya da wuri ɗaya. Ba a zaɓen dare mai kyau kawai. Wanda ya sake tarko ko ya sake wuri, ba zai iya gwada bana da bara ba. Mudun da aka auna hatsin bara, da shi ake auna na bana.

Ban da masu garka, wata cibiyar binciken noma mai suna Rothamsted tana da tarkuna a sassan ƙasar, ana kunna su kowane dare tun 1968.

Abin da ƙidayar ta nuna

A 2023, duk wanda ya zauna minti 15 ya ga ƙwari 12, in aka raba daidai. A 2024 lissafin ya faɗi zuwa 7. Tunda aka fara babbar ƙidayar ba a taɓa samun ƙaranci irin wannan ba. Mutum fiye da dubu 85 suka yi aikin a shekarar, kuma fiye da sau dubu 9 an zauna an tashi ba a ga ko ɗaya ba. Ruwan sama ya yi yawa a farkon shekarar, sanyi kuma ya daɗe. Ƙungiyar ta yi shela ta ce abin ya zama na gaggawa.

A 2025 an yi rana da zafi sosai. Mutum fiye da dubu 125 suka fito, suka ƙirga ƙwari miliyan 1 da dubu 700. Rabon kowane zama ya haura 10 kaɗan. An ji daɗi, amma masana sun ce a yi hattara. Shekarar da ta zo da yanayi mai kyau haka, kamata ya yi a ga fiye da wannan nesa.

Shekara ɗaya ba ta isa

Manomi ya sani damana ɗaya ba ta nuna halin gona. Bana ta yi kyau, baɗi ta ƙi. Sai an jera shekaru ake gane ko gona ta gaji. Haka ƙidayar nan take. Da aka jera lissafin tun daga 1976, an ga cikin kowane iri 10 na rana, iri 8 sun ragu: ko yawansu ya ragu, ko wuraren da ake ganin su, ko duka biyu. Lissafin tarkunan Rothamsted kuma ya nuna manyan na dare sun ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017.

Me ya jawo haka? Na farko, ƙarancin wurin zama. An nome filayen furannin daji, an tumɓuke shingayen itace tsakanin gonaki, an gina gidaje da hanyoyi. Na biyu, yawan feshin maganin ƙwari da na ciyawa. Magani ba ya bambanta mai ɓarna da mai amfani. Na uku, sauyin yanayi, wanda ke rikita lokacin ruwa da na zafi. Na huɗu, fitilun titi da ke ci har safe. Wani bincike na 2021 ya tarar tsutsotsin na dare sun ragu da kusan rabi cikin shingayen da fitila ke haskawa.

Rubutun masu garka ya nuna magani ma. Da aka duba lissafin gidaje fiye da 600, an ga garkar da aka bar wani gefenta da doguwar ciyawa ta fi tara ƙwarin. A watan Janairu na 2025 kuma, gwamnatin ƙasar ta ƙi bada izinin amfani da wani maganin ƙwari mai cutar da ƙudan zuma, wanda ake shafa wa irin wata saiwa da ake yin sukari da ita.

Baƙon da ke tsallake hamada

Cikin ƙwarin da ake ƙirgawa a Ingila akwai wanda ya san Sahel. Launinsa ruwan goro ne, da ɗigon baƙi da fari a bakin fiffike. Sunan da Turawan Ingila suka ba shi yana nufin mace mai kwalliya. Ba ya jure sanyin Turai. In sanyi ya gabato sai ya yi kudu, ya tsallake teku, ya tsallake Sahara, ya iso daidai ƙarshen damana, lokacin da ciyawa take kore. A 2014 masana sun bi sawunsa a Cadi, Benin, Senegal da Habasha, sun same shi dubbai yana hayayyafa.

In ciyawa ta bushe, ƴaƴansa su koma arewa. Zuwa da dawowa ya kai kilomita dubu 12 zuwa dubu 14. Ba ƙwaro ɗaya ke gama tafiyar ba. Uwa ta fara, ɗa ya ci gaba, jika ya karɓa, har wajen hawa shida. A 2009 na'urar rada ta nuna kusan miliyan 11 sun shiga Ingila, miliyan 26 suka fita a ƙarshen lokacin zafi. Wani bincike na 2021 ya gano cewa in dajin kudu da Sahara ya yi kore da ɗari, ƙwarin sun fi yawa a Turai bayan ƴan watanni. Ke nan ruwan da ya sauka a Afirka ta Yamma yana fitowa cikin takardar mai garka a Ingila.

A gonakin hatsi

A Nijar ma akwai na daren da ya kamata a sa wa ido. Shi ne uwar tsutsar zangarniyar hatsi. Yana fitowa daga ƙasa kamar wata ɗaya bayan ruwan shuka. Macen tana saka ƙwai bisa zangarniya in hatsi ya fidda kai. Tsutsar ta bi zangarniyar tana ci tana kewayawa, ta bar zane kamar murɗin igiya. In ta ƙoshi ta sauka cikin ƙasa, ta kwana rani. Ɓarnarta ta yi tsanani bayan farin 1972 zuwa 1974, kuma a mummunar shekara takan cinye fiye da rabin amfanin gona.

Masu bincike suna bin fitowar ƙwaron da tarkon fitila, kamar yadda ake yi a Ingila. Tun 2006, ma'aikatan INRAN na Maraɗi tare da manoma suna yaƙar tsutsar da wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke kashe ta. Ana kiwon sa cikin ƴan buhunan garara, a rataye su a gonaki. Amma sai an rataye su kan lokaci, sa'ad da tsutsar take bisa zangarniya. In an makara ta shige ƙasa, aikin ya tashi a banza.

A nan rubutu ke da rana. Manomi ya rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da hatsi ya fidda kai. Ya zaɓi zangarniya 100 a gona, ya rubuta ranar da ya fara ganin tsutsa, da zangarniya nawa ta taɓa. Ya nuna wa malamin gona, ya kuma adana littafin. Baɗi ya sake yi a wannan gonar. In mutum goma a gari suka riƙe haka shekara biyar, garin zai san satin da tsutsa ta saba zuwa, ya shirya mata tun kafin ta iso. Da yayyafi kogi kan cika.