Ƙofa A Buɗe Ba Izini Ba Ce: Ina Iyakar Mai Kawo Saƙo?

A 'yan shekarun nan kasuwa ta biyo mu har cikin ɗaki. Uwargida tana zaune a Kano ko Kaduna ko Zariya za ta ga atamfa a Instagram, ko turaren wuta a WhatsApp, ta tura kuɗi, kafin la'asar mai babur yana ƙofar gida da leda a hannu. Lokacin da Jumia da Konga suka fara aiki a Legas a 2012, da yawa sun ɗauki sayayya ta intanet a matsayin harkar 'yan boko. Yau kuwa har mai dambun nama da mai humra da mai kayan kicin suna da yaron da ke kai musu kaya gida-gida.

Wannan sauƙi ya zo mana da baƙon da iyayenmu ba su san shi ba: namiji baligi, wanda ba ɗan unguwa ba, wanda ba lallai ku sake ganin fuskarsa ba, amma yana riƙe da sunanku da lambar wayarku da kwatancen gidanku.

Ga yadda abin yake faruwa. Ya iso, ya kira waya ba a ɗauka ba. Ya yi sallama, shiru. Ya taɓa ƙofa ya ji ba sakata. A bayan babur ɗinsa akwai sauran saƙonni na jiran masu su. Sai ya tura ƙofar, ya shiga, ya ajiye kwalin a tsakar gida ko a bakin falo, ya ɗauki hoto ya turo: "Hajiya, na ajiye miki." A ganinsa ya kyauta, domin bai bar kayan a waje wani ya yi gaba da su ba. Ke kuwa da kika fito daga wanka kika tarar da kwali a inda babu shi ɗazu, gabanki ne zai faɗi.

To, wa ke da gaskiya? Niyyarsa mai kyau ce, amma bai kamata ya shiga ba. Ƙofa a buɗe ba izini ba ce. Sai dai akwai saura: idan ba ku faɗa masa inda zai tsaya ba, kun bar shi ya yanke hukuncin da ku ya kamata ku yanke.

Aikin da zaure yake yi

Ku duba ginin gidan Bahaushe na asali. Daga titi sai zaure, wanda Kanawa ke kira soro. A manyan gidaje akwai shigifa, kafin a kai tsakar gida. Ƙofofin ma ba a jere suke ba, an karkata su ne don wanda ke tsaye a waje kada idonsa ya faɗa ciki. Ƙofar zaure takan wuni a buɗe, amma babu namijin kirki da zai ce tunda a buɗe take bari in wuce. Yakan tsaya ya yi sallama, ko ya samu yaro ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da maigida." A wasu gidajen har rubutawa ake yi a bango da gawayi ko fenti: "Ba shiga."

Masu kawo kaya ma ba yau aka fara su ba, kuma kowa ya san matsayinsa. Dillaliya tana shiga har ɗaki saboda mace ce. 'Yar talla tana shiga saboda yarinya ce. Ɗan garuwa kuwa sai ya ɗaga murya ya tambaya ko a shigo da ruwa, a ba mata lokaci su suturta jikinsu, sannan a ce ya shigo. Ya juye a randa ya fita, ba ya waige-waige.

Gidajen da yawancinmu muke ciki yanzu ba su da wannan shinge. A fulat, ƙofa ɗaya ce tsakanin matakala da falo. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ƙofar waje ba ta kulluwa saboda kowa na shige da fice. A sababbin unguwanni kuma get ne, da ka tura shi sai tsakar gida, inda shanya take, inda yara ke wasa, inda uwargida ke wanke-wanke da ɗaurin ƙirji. An daina gina zaure, amma buƙatarsa tana nan daram.

Abin da addini da doka suka tanada

Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun yi magana a kan wannan yanayi kai tsaye. Ta farko ta hana shiga gidan da ba na mutum ba sai da neman izini da sallama. Ta biyu ta ɗauki ainihin halin da mai kawo saƙo ke samun kansa: ko da bai tarar da kowa a gidan ba, kada ya shiga sai an yi masa izini, in kuma aka ce ya koma, ya koma. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya iyakance neman izinin zuwa sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya. Wani hadisin ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Ke nan leƙe ta ƙofa ko ta saman katanga ma ya shiga cikin abin da ake gudu.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa. Kundin Final Kod, wanda Arewa ta fara aiki da shi tun 1960, ya ɗauki shiga gidan wani da nufin aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko ɓata wa mai gida rai a matsayin laifi. Gaskiya ne wanda ya shiga don ajiye kwali ba shi da irin wannan nufi. Amma niyya a zuci take, kuma sau da yawa a caji ofis ake zuwa bayaninta.

Shi ma yana cikin haɗari

Kafin ku yi masa hukunci, ku duba halin da yake ciki. Da yawansu gwargwadon saƙon da suka kai ake biyansu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komawa da kaya a sake dawowa gobe asara ce da ake ji a aljihu. In ya ajiye a waje kayan suka ɓata, mai sana'a za ta ce shi zai biya. In ya tsaya jira, mutum biyar na kiransa suna faɗa. Duk wannan matsi yana tura shi wuri ɗaya: ya tura ƙofa ya huta.

Abin da bai lissafa ba shi ne, daga lokacin da ƙafarsa ta taka tsakar gidan, duk abin da ya ɓata a ranar a kansa zai faɗa. Waya ce, sarƙa ce, ko dubu biyar da aka manta inda aka ajiye, za a ce ai mai babur ya shigo. Kuma hoton da ya ɗauka don kare kansa shi ne shaidar cewa ya shiga. Mafi muni shi ne maƙwabci ya hango baƙon namiji da hular kwano yana fitowa daga gidan da aka san maigida ba ya nan. Kun san abin da kalmar "ɓarawo" take haifarwa a titunanmu kafin a tsaya jin ba'asi. Akwai kuma kare, akwai yaron da zai bi ƙofar da aka bari a buɗe ya fita titi, akwai zargin da zai iya shiga tsakanin miji da mata a kan abin da babu wanda ya shirya shi.

Saboda haka tsayar da shi a waje ba wulaƙanci ba ne. Kare shi kuka yi, kuka kare kanku.

Yadda manyan kamfanoni suka ɗauki lamarin

A Amurka, inda satar kwalaye a bakin ƙofa ta zama ruwan dare, kamfanin Amazon ya fito da wani tsari a ƙarshen 2017 mai suna Amazon Key, wanda a wancan lokacin ya ba mai kawo kaya damar ajiyewa a cikin gida. Ku duba sharuɗɗan. Mai gida ne zai nemi tsarin da kansa. Sai an sa wa ƙofa makulli mai aiki da intanet, an kafa kyamara tana kallon ƙofar. Mai kawo kayan zai fara ƙwanƙwasawa, sannan a buɗe masa ta manhaja, ya ajiye daga bakin ƙofa ya rufe, mai gida kuma yana iya kallon komai a wayarsa. A 2019 kamfanin Walmart ya fara nasa, inda ma'aikaci ke shiga har kicin ya jera kayan abinci a firij, amma da kyamara maƙale a jikinsa.

Ba don mu kwaikwaya aka kawo wannan ba. Abin lura shi ne, ko a ƙasar da ba a san kulle ba, kamfanonin da suka fi kowa son sauri ba su ɗauki rashin kulle ƙofa a matsayin yarda ba. Sai da suka nemi izini tun kafin ranar, suka iyakance inda za a tsaya, suka tanadi shaida. Waɗannan ukun ba sai da kyamara ake samunsu ba.

Ku yi wa gidanku zaure, ko da na magana ne

Tun lokacin da kuke ba da kwatance za ku faɗi iyaka. Bayan "gida na uku daga masallaci, mai baƙin get," ku ƙara layi ɗaya: "In ka iso ka kira, ka jira a waje, kada ka shiga ko da ƙofa a buɗe take." Ku rubuta shi a saƙo don ya zama shaida gare ku da shi.

Ku tanadi wuri na biyu. Mai shagon bakin layi, maigadi, ko maƙwabciyar da kuka amince da ita. Ku nemi yardarsu tukuna, sannan ku ba mai kawo saƙon sunan wurin. Yawancin masu shiga gida ba don son shiga suke yi ba, rashin inda za su ajiye ne.

Ranar da kuke jiran kaya, wayar ta kasance kusa kuma da caji. In za ki shiga wanka ko salla, ki tura masa saƙo cewa ya ba ki minti goma. Kuma a sa sakata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ku zaunar da yara da masu aikin gida ku gaya musu a fili: ba a ce wa mai kawo kaya "shigo," ba a ce masa "Mama tana barci" ko "ba kowa a gida." Amsa ɗaya ce: "Ka jira, ana zuwa." Yaron da bai kai ya tantance mutane ba, kada a aike shi karɓar saƙo shi kaɗai.

In kayan masu nauyi ne, kamar buhun shinkafa, tukunyar gas ko firij, dole sai an shigo da su. A nan sai a koma tsarin ɗan garuwa. A sa lokacin da maigida ko wani babba yake nan, a sanar da matan gida, a raka shi ya ajiye, a rako shi ya fita.

Kai maigida, wannan ba aikin uwargida ba ne ita kaɗai. In ka san ba ka son baƙo ya san ƙofarka, ka ba da adireshin shagonka ko ofishinka, ka taho da kayan da yamma. Hakan ya fi ka dawo kana tuhumar wadda ba ita ta buɗe ƙofa ba.

Ke kuma mai sana'a da kike tura yara kai kaya, ki sani sunanki suke ɗauke da shi. Ki kafa musu doka cewa ba a shiga gidan kowa sai an ce a shigo, kuma ki faɗa musu abin da za su yi in ba a ɗauki waya ba: minti nawa za su jira, wa za su kira, wa zai biya kuɗin dawowa. Muddin yaro ya san daga aljihunsa asarar za ta fita, watarana zai tura ƙofar wani.

In an riga an shiga fa?

Kada ku fara da ihu, kada kuma ku fara da watsa hotonsa a Facebook. Ku duba gidan, ku tabbatar da lafiyar kowa. In babu abin da ya taɓa, ku kira shi ku gaya masa cikin mutunci: "Malam, mun gode da ka kula da kayan, amma ba a shiga gidan nan. Nan gaba ka ajiye wurin mai shago." Sannan ku sanar da wadda ta aiko shi, don ta gyara wa sauran yaranta. Mai hankali zai ba da haƙuri, kuma ba zai sake ba.

Amma in ya wuce inda ajiye kaya ke buƙata, ko ya leƙa ɗakuna, ko ya fara kiran uwargida ko 'yan mata a waya bayan an gama ciniki, wannan ya tashi daga kuskure. Ku adana saƙonni da lambarsa, ku kai ƙara wurin kamfanin, ku sanar da mai unguwa, in ta kama a je ga 'yan sanda.

Mai kawo saƙo yana neman halalinsa ne a cikin rana da ƙura, ya cancanci a amsa masa waya da wuri, a miƙa masa ruwan sanyi, a biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Duk wannan ana iya yi masa a bakin ƙofa.

Ku da kuke zaune a gidajen haya ko a fulat, inda ƙofar waje ba taku ba ce ku kaɗai, wace dabara kuka samo? Ku kuma masu wannan sana'a, me kuke yi in kun iso an ƙi ɗaukar waya? Ku bayyana mana a ƙasa, wataƙila wani gidan ya amfana.