Injin Wanki a Kudancin Kano: Ƙarkonsa, Kulawarsa, da Hukuncin Gyara ko Sauyawa

Injin wanki na cikin kayan da suka shigo gidajen kudancin Jihar Kano a makare, domin fanka da talabijin da firji duk sun riga shi da shekaru masu yawa, kuma har gobe mafi yawan wankin da ake yi a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa da hannu ake yin sa, ko dai a tsakar gida ko a wurin masu wanki da guga. Duk da haka ya fara samun gindin zama, musamman a cikin kayan ɗakin da iyaye masu hali ke yi wa amarya, da gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, da kuma shagunan matasan da suka riƙi wanki a matsayin sana'a. Abin takaici shi ne da yawa daga cikin waɗannan injuna kan koma wurin ɗora kwanuka tun ba su ci rabin ƙarfinsu ba, alhali sau da yawa abin da ya tsayar da su bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka saye su ba, kuma da an san dalilin lalacewar da ba ta faru ba tun farko.

An saba jin cewa injin wanki yakan yi shekara 10 zuwa 12, amma wannan lissafi an gina shi ne a kan gidan Turawa mai mutum uku ko huɗu. Tsohon ma'aunin da Tarayyar Turai ta yi amfani da shi wajen auna cin wuta da ruwa na injunan wanki ya ɗauka cewa gida yana yin wanki sau 220 a shekara, wanda ke nufin cewa a shekara 10 zuwa 12 injin zai yi zagayen wanki tsakanin 2,200 da 2,640. Idan aka kawo wannan lissafi gidan gandu a Ƙiru ko Tudun Wada, inda mutum goma sha biyar ko ashirin ke cin tukunya ɗaya kuma ake kunna injin sau biyu a rana, za a ga ya haura zagaye 700 a shekara, wato zai cinye rabonsa cikin shekara uku zuwa huɗu, na shagon wanki kuwa ko hakan ba zai kai ba. A ɗaya gefen, injin amarya da ba a kunna shi sai sau biyu a mako idan an kawo wuta yana iya cika shekara takwas alhali cikinsa da sauran ƙuruciya, ko da yake roba tana bushewa ta tsage ko ana aiki da ita ko ba a yi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi game da kowane inji ita ce yawan wankin da ya yi da irin wutar da ruwan da ya sha, kafin a tambayi shekarar da aka saye shi.

Iri uku ake samu a kasuwa. Akwai mai baho biyu, wanda ɗaya bahon na wanki ne ɗayan kuma na matsewa, ana zuba masa ruwa da bokiti ana kuma ɗebe kayan da hannu daga wannan zuwa wancan. Akwai mai murfi a sama mai sarrafa kansa. Sannan akwai mai ƙofa a gaba, wanda ya fi su tsada da tsimin ruwa, ya kuma fi su laulayi. Mai baho biyu ba shi da kaya masu yawa a ciki, manyansu su ne mota biyu, wato naɗin waya da ke mai da wutar lantarki ta zama juyi, da bel, da taima mai ƙidaya mintuna, da kafasito, wato ɗan gwangwanin da ke taimaka wa mota ta tashi. Sauran biyun kuwa suna da fanel, allon lantarkin da ke ba kowane sashe umarni, kuma yana da tsada da saurin mutuwa a inda wuta ba ta da tabbas.

Wutar lantarki ce babbar mai kashe injin wanki a wannan yanki, kuma rashinta bai kai rauninta ɓarna ba. An ƙera injunan ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, amma garuruwan da ke ƙarshen dogayen layukan kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa a shekarar 2013, sukan sami wutar da ta gaza haka nesa ba kusa ba, musamman da dare lokacin da kowa ya kunna kayansa a kan taransifoma ɗaya. Mutane da yawa na ɗauka cewa ƙaramar wuta ba ta cutar da komai, illa dai abu ya yi aiki a hankali, alhali ga mota akasin haka ne: idan ƙarfin wuta ya ragu, sai ta riƙa jan wuta fiye da ƙima don ta juya nauyin da ke kanta, naɗin wayarta ya yi zafi, fentin da ke raba waya da waya ya narke, daga nan ta ƙone. Alamar ita ce a ji injin yana gurnani yana juyawa da ƙyar, kuma duk wanda ya ji haka gara ya kashe ya jira. Fanel kuwa lokacin dawowar wuta ya fi hallaka shi, domin takan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci, haka nan tsawa da walƙiyar damina, waɗanda Doguwa da Tudun Wada suka fi arewacin jihar samu. Sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na ɗan mintuna, da al'adar zare fulogi bayan an gama wanki, sun fi kowace irin kulawa araha da amfani.

Janareta ma yana da nasa sharaɗin. Motar wanki ta mai baho biyu wat ɗari uku zuwa ɗari biyar kawai take ci, amma a lokacin tashi takan ja ninkin hakan sau da yawa, kuma tana tsayawa ta sake tashi a kowane juyi, shi ya sa ƙaramin janaretan da ke ɗauke da fanka da firji yakan shaƙe ya ba ta raunanniyar wuta. Mai ƙofa a gaba yana da hita mai dumama ruwa da ke cin kusan wat 2,000, don haka a kan janareta ko batirin sola wankin ruwan sanyi ne kawai ya dace da shi.

Ruwa shi ne na biyu. Ko da yake madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana cikin ƙasar Bebeji, ruwan da ke shiga injin wanki a yankin galibi daga rijiya ko burtsatse ko jarkar ɗan garuwa yake fitowa, kuma da damina yakan zo da laka da yashi. Yashi yana sauka ƙarƙashin faifan da ke juya kaya, ya cinye robar da ke hana ruwa bin sandar ƙarfe zuwa ƙasa, kuma da zarar wannan roba ta mutu sai ruwa ya riƙa ɗiga a kan boris da mota, haka nan idan robar bahon matsewa ta mutu, domin motarsa tana zaune daidai ƙarƙashin bahon. Da yawa daga cikin motocin da ake cewa wuta ce ta ƙone su, ɗigon ruwa ne ya fara jiƙa su na tsawon watanni ba a lura ba. Barin ruwa ya kwana a duro ya kwanta kafin a ɗiba, da kakkaɓe ko ɗauraye kayan gona kafin a saka su, musamman na masu aikin shinkafa a fadamun Tudun Wada, yana ƙara wa injin shekaru. Masu sarrafa kansu suna da wata buƙata kuma, wato ƙarfin turowar ruwa, domin galibinsu suna son tankin da ya ɗaga aƙalla mita biyar zuwa goma sama da injin, ko kuma a sa musu ƙaramin famfo. Idan babu, injin zai daɗe yana jiran ruwa, ya tsaya ya nuna alamar matsala, a kira mai gyara alhali lafiyarsa ƙalau.

Sauran kulawar ba ta da wuyar fahimta. Kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne, kuma bargo ko darduma idan suka sha ruwa sukan ninka nauyinsu su karkata gefe guda, su girgiza bahon har boris ya tafi. Garin sabulu idan ya yi yawa yana daskarewa a bututu ya haifar da wari. Ƙusa da fil da ƙwayar masara da aka manta a aljihu suna toshe mafitar ruwa. Rana tana gasa jikin roba ya yi fari ya farfashe, ɓera kuma yana shiga ta ƙasa ya ci waya, don haka inuwa da daɓe mai daidaito da murfin yadi lokacin hunturu sun wadatar. Abu guda da bai kamata a yi sakaci da shi ba shi ne wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa, domin gidaje da yawa ba su da ita, kuma injin da ke ɗan jan hannu idan an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu yana iya kashe mutum. A daina aiki da shi nan take har sai mai aikin wuta ya duba.

Idan aka zo ga hukuncin gyara ko sauyawa, a Amurka da Turai ana yawan bin ƙa'idar cewa idan kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabo, kuma injin ya wuce rabin shekarunsa, to a sauya. Wannan ƙa'ida ta fito ne daga ƙasashen da ladan mai gyara ke da tsada kayan kuma ke da araha, a nan kuwa lamarin a juye yake, ya kuma ƙara juyewa tun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, farashin duk abin da ake shigowa da shi ko ake harhaɗawa da kayan waje ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan hali kusan duk abin da ya lalace a mai baho biyu ya cancanci gyara. Injin da ke gurnani ba ya juyawa, amma yana tashi idan an tura faifan da sanda, galibi kafasito ne. Wanda mota ke gudu faifan bai motsa ba, bel ne ko giya. Wanda bahon matsewarsa ya ƙi tashi, sau da yawa wayar birki ce ta tsinke ko makunnin murfi. Ko ƙonanniyar mota ana iya sauya ta, ko a kai wa masu naɗin koyil, sai dai a tabbatar da jan ƙarfe suka naɗa, domin wayar alminiyom ba ta jure zafi da jijjiga kamarsa.

Inda gyara ke zama asara sananne ne. Idan bahon kansa ya tsage, ko gindin injin ya ruɓe da tsatsa, ko robar jikinsa ta fara marmashewa, duk abin da aka ɗaura a kai ba zai zauna ba. A mai ƙofa a gaba, ƙarar da ke kama da ta nika lokacin matsewa alamar mutuwar boris ce, kuma a injunan zamani da yawa an manne gangar waje ta yadda ba a buɗe ta, sai dai a sayi gangar gaba ɗaya, wadda kuɗinta kan doshi na wani injin. Haka nan fanel ɗin da ya ƙone karo na biyu, ko wanda ba a samun irinsa. Wannan matsala ta rashin kayan gyara ce ta sa Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni, tun daga watan Maris na 2021, su ci gaba da samar da muhimman kayan gyaran injin wanki har tsawon shekara 10. Mai saye a Doguwa ko Ƙiru ba shi da wannan kariya, don haka shi zai yi wa kansa bincike. Kafin ya biya, ya dace ya tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba, ko ana samun bel da taima da mota da fanel na wannan samfuri a kasuwar Sabon Gari ta Kano, domin samfuran da suka yawaita a kasuwar Nijeriya, irin su Haier Thermocool da LG da Hisense da Scanfrost, sun fi baƙon samfuri na gwanjo sauƙin samun kaya, ko da na gwanjon ya fi su nagarta a ƙira.

Nisa ma kuɗi ne, kuma sau da yawa ba a saka shi a lissafi. Ɗauko mai ƙofa a gaba daga Doguwa, a ratsa dajin Falgore zuwa birnin Kano a dawo da shi, yana iya cin abin da ya fi ladan gyaran, ga haɗarin da gangarsa ke shiga a kan hanya idan ba a mayar mata da kusoshin da ke riƙe ta lokacin jigila ba, waɗanda yawancin mutane ke jefarwa ranar da aka kafa injin. Mai baho biyu kuwa mai gyaran fanka ko famfon ban-ruwa na cikin gari yana iya buɗe shi. Takardar garanti da rasit su ma a adana su, tare da sanin cewa garantin shekara 10 da wasu kamfanoni ke rubutawa a jikin inji galibi motar kaɗai ya shafa, kuma ba ya ɗaukar ɓarnar da wuta ta yi.

Idan hukunci ya tsaya a kan sauyawa, ya kamata a fara gano abin da ya kashe na farko, ko raunin wuta ne ko yashi ko lodi, a gyara shi kafin sabon ya shigo, sannan a zaɓi wanda ya dace da wutar gidan da ruwansa da yawan mutanensa. Tsohon kuma a fara taya wa masu gyara kafin 'yan gwangwan, domin su ɗaiɗai suke sayen mota da taima da giyar da ke da sauran rai, ɗan gwangwan kuwa a kan sikeli yake biya.