IN RUWA YA ƘI KUMFA

'Yan'uwa manoma, mata da yawa a ƙasar Kafin Maiyaki, Kiru da Tudun Wada suna kuka cewa sabulu yana ƙarewa da wuri, tufafi kuwa ba su fita. Sau da yawa laifin ba na sabulu ba ne, na ruwa ne. Ruwan wasu rijiyoyi yakan narko wani abu irin alli daga duwatsun ƙasa. Shi ne ke cinye sabulu, shi ne kuma farin ɓawon da ke kama gindin tukunya.

Ga yadda muke gwadawa. A sami kwalba biyu, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan rijiya. A sa sabulu daidai wa daida, a girgiza. In na rijiya bai yi kumfa ba, to, ruwan yana da tauri.

Maganinsa iri biyu ne: tafasawa, ko kuwa jiƙa kanwa ko toka a zuba ruwanta cikin bokitin wanki. In an yi haka ba a ga canji ba, sai a duba waɗannan:

1. An tafasa, har yanzu babu kumfa. Akwai taurin da wuta ba ta fitar da shi. Wannan sai kanwa ko toka.

2. An sa kanwa, ruwa ya yi fari. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, sa'an nan a sa sabulu. Kada a gaggauta.

3. Hannu yana zafi, ruwa yana santsi. Kanwa ta yi yawa. A fara da kaɗan, a riƙa gwadawa da kwalba.

4. Ruwa yana rina tufafi ja. Wannan ƙarfe ne. A bar ruwan ya kwana a buɗe ya sha iska, a tace.

5. An sa alam ko an tace da rairayi. Waɗannan laka suke fitarwa, ba su taɓa tauri.

Abu guda kada mu manta. Ruwan da aka sa wa kanwa ko toka na wanki ne kaɗai. Ruwa mai tauri ba ya cuta in an sha, amma ƙwayoyin cuta suna kashe yara. Ko na rijiya ne, ko na madatsar Tiga, a tafasa na sha, a rufe randa. Da damina kuwa mu tari ruwan sama domin wanki, gama shi ne ya fi kowanne kumfa.