Tsohon gida ko sabon gini a Magarya da Dungas: ina gaskiya, ina jita-jita?

Tun bayan daminar 2024 wata magana ta kama bakin mutane a Magarya da Dungas, a majalisa, a tasha, da cikin saƙonnin murya na WhatsApp: wai kwanan ginin ƙasa ya ƙare, duk wanda ya sa kuɗinsa a tsohon gida ya yi asara, mai hankali ya nemi sabon gini na bulo. Akwai kuma masu kishiyar wannan magana, waɗanda ke cewa ginin yanzu duk ha'inci ne, ginin dā shi ne gini. Dillali kuwa kowacce yana iya faɗa maka, gwargwadon gidan da ke hannunsa a ranar. Wanda ke shan wahala a tsakani shi ne mutumin da ya yi shekaru yana tara abin ci-rani ko kuɗin riɗi da rake, yana son ya rufa wa iyalinsa asiri. A ganina ɓangarorin biyu sun kauce wa tambayar da ta dace. Shekarun gida ba sa faɗin ko zai tsaya ko zai faɗi, ba sa kuma faɗin ko za a bar ka ka zauna lafiya. Abu biyu ne ke faɗin haka: inda ruwa ke bi idan an yi ruwa, da kuma waɗanda ke da haƙƙi a kan filin.

A fara da abin da ke gaskiya, domin masu tsoron ginin ƙasa ba banza suke tsoro ba. Ambaliyar 2024 ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma akasarin ɗakunan da suka rushe na ƙasa ne. A farkon watan Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube, hotonsa ya zagaya duniya. Wanda ya ga haka ya ce ƙasa ba ta jure ruwa bai yi ƙarya ba. Amma wannan masallacin kansa ya ga damina fiye da ɗari da hamsin kafin ya faɗi, kuma masallacin Agadas mai doguwar hasumiya, shi ma na ƙasa, yana nan tsaye domin ana bin sa da yaɓe. Ashe ba kasancewar gini na ƙasa ba ce kaɗai ke kayar da shi.

Bangon ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta kai da ta ƙafa. Ta kai, idan indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya sami kan azara, ya riƙa tsiyaya cikin bango har ya jiƙe. Ta ƙafa, idan ruwan titi ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku, ko danshin ƙasa ya riƙa hawa daga ƙasa. Na biyun ya fi damun yankinmu. A kwarin Korama, wajen Bande da kwarurrukan Guci, ruwa yana kusa ƙwarai, shi ya sa rake ke yi, shi ya sa kuma gindin bango ke shan danshi ko da rani. Alamarsa a bayyane take ga mai duƙawa: wani farin gari kamar kanwa a kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, in ka sa yatsa sai wurin ya marmashe, gindin ya zaizaye ya fi saman bangon sirantaka. A tsofaffin unguwanni akwai ƙarin matsala, domin titi yana tasowa a hankali da yashi da shara da ɓaraguzan ginin da ya rushe, har a wayi gari tsakar gida ta koma ƙasa da hanya. Gidan da sai ka sauka kafin ka shiga zaurensa, ruwan unguwa ne ke jiran damina ya shigo. Wannan ba ya gyaruwa da yaɓe. Amma gidan ƙasa da ke kan tudu, gindinsa busasshe, ruwan tsakar gidansa na fita da kansa, abin da yake buƙata rufi ne da kulawa, kuma yana iya riƙe jikoki.

Daga nan sai jita-jitar da ta fi cutar da mutane, wadda ke cewa in ka shafe bangon ƙasa da siminti ya zama kamar na bulo. Ba haka ba ne. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai, kuma ba sa motsi tare idan zafi da sanyi suka sauya. Shafen yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa jiƙewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi da fenti. Magina na dā da suke amfani da makuba ta kwasfar ɗorawa sun san cewa bango yana son shafen da zai bar shi ya bushe. Don haka tsohon gidan da aka yi wa sabon shafe da fenti gab da sa shi kasuwa, shi ya fi cancantar bincike. Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa: inda ya yi ƙara kamar ganga, shafen ya rabu da ƙasa, kuma ba ka san abin da ke bayansa ba sai an ɓanɓare.

To, sabon ginin bulo fa, shi ke nan an huta? A Magarya da Dungas ba kasafai ake samun gida sabo ƙal da aka gina don sayarwa ba. Yawanci fili ake saye a riƙa gini kaɗan-kaɗan, ko a sayi ginin da mai shi ya kai linta kuɗi ya yanke masa. Ko wanne ne, ƙarfin bulo yana ga yadda aka buga shi. Buhun siminti kilo 50 ne, amma yawan bulon da za a fitar daga cikinsa yana hannun mai bugawa, kuma duk bulon da aka ƙara a kan ƙa'ida daga ƙarfin sauran aka ɗebo shi. Rairayi mai laushi da ke ko'ina a yankin ba ya kama siminti kamar yashi mai kauri. Sannan siminti yana son ruwa bayan an yi aiki da shi: sai an yi aƙalla mako ana yayyafa masa, kuma kankare yana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Bulon da aka buga da safe a zafin Afrilu, aka bar shi a rana ba ruwa, ƙusa ma tana kankare shi. Haka rodi da zurfin harsashi, duk an binne su, mai saye ba ya gani. Tsaga siririya a shafe ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi karkace, tana ƙara buɗewa, ita ce ke nuna harsashi yana nutsewa. Tsohon gida ya riga ya ga damina da yawa, duk aibinsa ya fito fili. Sabo bai ga ko ɗaya ba. Wannan ba hujja ba ce ta gudun sabon gini, hujja ce ta neman wanda ya gina shi da tambayar maƙwabtan da suka ga aikin.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Gaskiya ne gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba 2024 bayan ambaliyar, kuma hakan ya taimaka. Amma siminti kashi ɗaya ne na kuɗin gini. Kwano, rodi, katako, ƙofofi, ladan ma'aikata da kuɗin ruwa suna nan. Kaya da yawa daga ƙetaren iyaka suke shigowa ta Maigatari da Babban Mutum, farashinsu yana bin canjin naira da halin iyaka, wadda aka rufe a 2019 aka sake rufewa a 2023. Cewa tsohon gida ya fi araha kuwa, gaskiya ne idan gyaransa rufi ne da ƙofofi da sabon masai. Idan gindin bango ya tafi, fili ka saya, har da ƙarin kuɗin rushewa da kwashe ƙasa, kuma da kuɗin fili ya kamata a yi cinikin.

Sai magana mafi nauyi, wadda ba a cika yi a majalisa ba. Ana cewa tsohon gida ba shi da rigima tunda kowa ya san na gidan su wane ne. Nan ne kuwa rigimar take. Yawancin tsofaffin gidajen da ke zuwa kasuwa na gado ne, kuma sau da yawa ba a raba gadon ba. Babban wa ya sayar, ƙannai mata suna gidajen aurensu ba a tambaye su ba, wani ƙane yana Kano, wani yana Libiya ko Aljeriya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya sayar da rabon da ba nasa ba cinikin yana rataye a kan yardar mai rabon. Ko da nasa rabon kaɗai ya sayar, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi rabon. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru, haƙƙinsa yana faɗuwa bayan kimanin shekara. Wanda ke tafiya kuwa yana nan a kan haƙƙinsa ko ya daɗe. A yankin da ci-rani ya shiga kusan kowane gida, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne. Mai saye ya nemi a tara magada duka, maza da mata, wanda ba ya nan ya wakilta wani a gaban shaidu, a rubuta. A karkara dokar filaye ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, waɗanda yanzu ake da su tun daga ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, har zuwa ƙaramar hukuma da gunduma, kuma ta nan ake samun takardar shaidar ciniki. Shaidar baki tana da daraja, amma shaidu suna mutuwa.

Sabon fili ma bai tsira ba. Takardar ofishin magajin gari tana nuna an yanka fili an ba wane, ba ta hana a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu idan mai saye bai je ya duba rajista da kansa ba. Ba ta kuma ɗaga fili daga kwari. Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum dubu 570 a gundumar Magarya da sama da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, kuma jama'a sun ƙaru sosai tun lokacin. Waɗanda suka kafa garuruwan sun riga sun zauna a kan tudu. Gari yana faɗaɗa ne zuwa gonaki da bakin tafki da tsofaffin kududdufan da aka cike, wuraren da kakanni suka ƙi da gangan.

Za a ce mini ginin ƙasa yana son hidima kowace shekara, ƙwararrun magina sun yi ƙaranci, azarar giginya ta yi tsada kuma ba a sare ta yadda aka ga dama, matasa da amare kuma bulo suke so. Duk gaskiya ne, kuma wanda aikinsa ba zai bar shi ya hau soro kafin ruwan farko ba, ko ba shi da mai hawa masa, gara ya nemi bulo mai kyau a kan tudu. Amma a sa a ma'auni cewa ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ba ya kwantuwa da rana, alhali kaurin bangon ƙasa yana tare zafi har yamma. Akwai kuma hanyar tsakiya da mutane da yawa ke bi: a ɗaga gindi da dutse ko bulo, a ci gaba da ƙasa, a yi rufi mai baki da ke jefa ruwa nesa da bango. Ga mai ƙaramin ƙarfi, tsohon gida a tsohuwar unguwa mai tudu, kusa da kasuwa da famfo da makaranta, wanda magadansa suka sa hannu, ya fi mini sabon gini a kwari. Kuma tunda cinikin gidaje ya fi tashi bayan kaka, lokacin da kuɗi ya shigo kuma ko'ina ya bushe, mai saye ya yi ƙoƙari ya ga gidan tun a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In hakan bai yiwu ba, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a 2024, ya kuma duba shatinsa a jikin katangunsu.