Daga Damagaram zuwa Yamai: nisan sama da nisan ƙasa

Tun shekarar 1926, da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai shi Yamai, mutanen gabas suke ɗaukar doguwar hanya in buƙata ta kai su can. Ma'aikaci da aka kira taro, da majinyacin da aka tura babban asibiti, da maniyyacin hajji, duk tambayarsu ɗaya ce: tafiyar awa nawa ce?

Amsa iri biyu ce, domin nisan ma iri biyu ne. Hanyar mota, wato hanyar ƙasa mai lamba 1, ba ta miƙe ba. Daga Damagaram takan bi ta Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogondutsi da Dosso kafin ta shiga Yamai. Tsawonta ya kusa kilomita 900, kuma motar fasinja takan yini cur a kanta, daga asuba har dare. Jirgin sama kuwa ba ruwansa da kwana-kwana. Nisan da ke tsakanin biranen biyu, in an miƙe sak, wajen kilomita 745 ne.

Lissafin lokaci ba shi da wuya: a raba nisa da gudun jirgi. Jirgi mai farfela irin Fokker 50 yakan ci wajen kilomita 500 cikin awa ɗaya. Ke nan kilomita 745 awa ɗaya da rabi ce. In an ƙara mintocin tashi da na sauka, sai tafiyar ta kusa awa 2. In jirgin ya yada zango Maraɗi, lokaci ya ƙaru. Iska ma tana da nata rabo: in tana bayan jirgi ta rage masa, in tana gabansa ta ƙara masa. Hazon hunturu kuwa, in ya yi kauri, yakan hana tashi ɗungum.

Amma mutumin Sassumburum, cikin gundumar Magariya, ba a bakin filin jirgi yake zaune ba. Sai ya fara cin fiye da kilomita 100 a mota kafin ya isa Damagaram, sa'an nan ya jira awon kaya da duban takardu. Awa 2 ɗin da ke rubuce kan tikiti sukan zama rabin yini. Duk da haka, ga majinyacin da jikinsa ba ya ɗaukar jijjigar hanya, rabin yini da yini cur ba ɗaya ba ne.

Maniyyaci ya fi kowa sanin wannan. Daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4,000 ne, daga Damagaram kuwa wajen 3,300. Wanda jirginsa zai tashi daga Yamai sai ya yi yamma kilomita 900, alhali alƙiblarsa gabas take, kana jirgi ya komo da shi gabas. Ya kuma tuna agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na ƙasar da aka sauka ne.

Saboda haka mai shirin tafiya ya fara ƙidaya daga ƙofar gidansa, ya kuma bar ratar kwana ɗaya in lokacin hazo ne.