Daga Sabo zuwa bakin Ogunpa: gyaran sandar na'urar gano ƙarfe domin aikin ruwa

Idan ruwan sama ya ɗauke a Ibadan, kogin Ogunpa ya janye, yakan bar abin da ya kwaso daga gidaje da kasuwanni a gefen magudanarsa: guntun rodi, murfin tukunya, waya, makulli. Masu sana'ar bola jari, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, sun daɗe da sanin haka. Kayan aikinsu buhu ne da maganaɗisu, wanda galibi daga cikin tsohuwar lasifika ake ciro shi a ɗaura a igiya ko sanda. Sai dai maganaɗisu baƙin ƙarfe yake kamawa. Jan ƙarfe da alminiyam da azurfa da zinariya, waɗanda su ne masu daraja a kan sikeli, yana wuce su kamar bai gan su ba. Na'urar gano ƙarfe ce ke jin waɗannan.

Na'urar ta yi suna a ƙasar Hausa ne ta hanyar zinariya. Tun da aka gano ta a yankin Djado na arewacin Nijar a watan Afrilun 2014, dubban matasa suka nufi hamada, na'urorin kamfanin Minelab na Ostareliya suka zama hajar kasuwa a Agadas, daga nan kuma saninsu ya bazu. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916 ta girma a kan cinikin goro da shanu, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969, har yau masauki ce ga baƙon da ya taso daga Arewa. Akwai 'yan canji da masu cinikin gwal a cikinta, kuma ƙasar Ijesha ta jihar Osun, inda 'yan Arewa da dama ke haƙar zinariya, tafiyar sa'o'i kaɗan ce daga nan. Bambancin shi ne, na'urar da aka saba kaɗawa a kan busasshen yashi ta iso ƙasar rafuka da fadamu, inda abin da ake nema yakan kasance ƙarƙashin ruwa.

Kafin a taɓa sanda, dole mai na'ura ya san iyakar abin da ya mallaka. Na'ura tana da faifai, wanda shi ne ke aika sigina cikin ƙasa, da akwatin sarrafawa, da sandar da ta haɗa su. Faifan na'urori da yawa yana jure ruwa, akwatin kuwa ba ya jurewa. Gold Monster 1000, alal misali, faifanta yana shiga ruwa har mita 1, amma akwatinta yayyafi kawai yake ɗauka. Akwatin GPX 5000 ba na ruwa ba ne sam. Equinox 800 da AT Pro ta kamfanin Garrett an ƙera su su nutse har mita 3, Excalibur II kuwa ta masu ninƙaya ce, tana kai kimanin mita 60. Wanda akwatinsa ba na ruwa ba ne, gyaransa na farko shi ne ya raba shi da sanda, ya rataya shi a ƙirji, in na'urar da tsawon wayarta sun ba da dama. Santsi ɗaya a kan dutse ya isa ya kashe kayan da aka saya da kuɗin gona.

Sanda ita ce mafi araha a jikin na'ura, ita ce kuma ta fara gazawa a ruwa. Dalilin a fili yake. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma idan aka ninka saurin kaɗawa sau biyu, tirjiyar da yake yi tana ninkawa sau huɗu. Duk wannan nauyi a mahaɗan sanda yake sauka. Makullan murɗawa da ke riƙe tsawonta sukan saki, faifai ya riƙa lilo, na'urar ta yi ta kuka a kan babu. Yashi kuma yakan shiga tsakanin bututu da bututu ya cije, har sandar ta ƙi zugewa.

A nan ne mai na'ura kan yi kuskuren da ya fi kowanne tsada: ya kai ta wurin mai walda. Mai walda gwani ne a sana'arsa, kuma maganinsa ga duk abin da ke lilo shi ne ƙarfe da wuta. To, ƙasan sanda, wato kamu biyu na ƙarshe kafin faifai, ba ya son ƙarfe ko kaɗan. Shi ya sa kamfanoni ke yin wannan sashe da roba mai tauri ko zaren gilashi, su ɗaure faifan da noti na roba. Wanda ya musanya notin da na ƙarfe ya sa wa na'urarsa abin da za ta riƙa ji a gindin kunnenta. Zurfin da take kaiwa zai ragu, kuma duk sanda notin ya motsa za ta yi ƙarar ƙarya. Mai aikin famfo ya fi dacewa da wannan aiki. Bututun roba mai kauri, irin na ruwan famfo, yana iya zama ƙasan sanda, muddin an zura masa wani abu mai tauri wanda ba ƙarfe ba a ciki, domin shi kaɗai yana lanƙwashewa a ruwa mai gudu. Masu hali suna sayen sandar zaren kabon, wadda ba ta da nauyi kuma ba ta lanƙwashewa, sai dai da dala ake sayo ta, kuma a Sabo kowa ya san farashin dala kafin ya karya kumallo.

Siffar sanda ma abin dubawa ce. Na'urori da yawa suna zuwa da ƙota mai lanƙwasa, wadda ke da daɗin riƙo a tudu. A ruwa kuwa miƙaƙƙiyar sanda ta fi, domin turin yana tafiya kai tsaye daga gwiwar hannu zuwa faifai, wuyan hannu ya huta. Akan rage yawan mahaɗai, a huda bututun biyu a zura ƙusar roba a maimakon dogaro da makullin murɗawa. Akan kuma huda ƙananan ramuka a can ƙasa domin ruwan da ya shiga ya sami mafita. Sandar da ta riƙe iska tana son tasowa sama, wadda ta riƙe ruwa kuma tana yi wa kafaɗa nauyi da zarar an fito. Wayar faifai a miƙe ta a jikin sandar daga ƙasa, a ɗaure da robar tsohon tub, sai an yi nisa da faifan a fara nannaɗewa. Notin kuma kada a matse shi fiye da kima, domin kunnuwan roba biyu da ke riƙe faifai su ne ke fara tsagewa, kuma ƙaramin faifai ya fi babba sauƙin ja. Bayan kowane aiki a kwance sandar a wanke yashin.

Duk da wannan gyara, Ogunpa tana da nata sharaɗin. Bayan ambaliyar 31 ga Agustan 1980, wadda Yarabawa ke kira Omiyale, an shimfiɗe dogon sashe na kogin da kankare a tsakiyar gari. Kankare kuwa cike yake da rodi, don haka na'ura a wurin kuka za ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa; maganaɗisu ya fi ta amfani a can. Sai inda ƙasan rafi yake yashi da tsakuwa take aiki. A rafukan Ijesha ma akwai abin da dillali ba ya faɗa wa mai saye: na'ura ƙwayar zinariya take ji, garin zinariya kuwa, wanda shi ne mafi yawan abin da ruwa ke kwasowa, sai dai kwanon wanki ya fitar da shi.

Haɗarin rai ya fi na kaya. Ambaliyar 26 ga Agustan 2011 ta kashe sama da mutum 100 a Ibadan cikin dare ɗaya, kuma rafukan garin suna cika cikin mintuna ko da ruwan a wata unguwa aka yi shi. Mutumin da ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya ɗaure damtsensa a jikin sanda, ba zai ji tahowar ruwa ba, kuma hannunsa ɗaya a ɗaure yake. Saboda haka maɗaurin hannu ya kamata ya zama mai saki da fizga ɗaya. Ga fasassun kwalabe, ga ƙazantar magudana, ga kuma tsargiya a ruwan da ba ya gudu. Takalmin roba mai tsawo yana cikin kayan aiki.

Ga ma'aikatan Abuja, batun yana komawa kan wane ne mai abin da sandar ta nuna. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta izini kafin nema ko haƙa, ko da ƙaramin mahaƙi ne. Tun watan Maris na 2024 Ma'aikatar Ma'adinai ta ƙaddamar da dakaru na musamman daga rundunar Sibil Difens domin kamen masu haƙa ba izini. Tsohon kayan tarihi yana ƙarƙashin dokar 1979 ta Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Wahalar jami'in da ya tare matashi a bakin rafi ita ce, na'ura ɗaya ce a hannun mai neman zinariya da mai tsintar jan ƙarfe, alhali doka ta farko ta hau kan ɗaya, ba ta hau kan ɗayan ba. Zoben gwal da ruwa ya kwaso daga ɗakin wata mata kuwa ba ma'adini ba ne. Tsintuwa ce, kuma malaman Sabo, bisa mazhabar Malikiyya, za su ce a yi cigiyarsa shekara guda.