Kashi 73 Cikin Ɗari: Wa Aka Ƙirga, Wa Aka Bari?

A watan Oktoban 2024 labari ya karaɗe gidajen rediyo da wayoyin mutane cewa namun dajin duniya sun ragu da kashi 73 cikin ɗari. Masu ƙara gishiri suka ce ai kashi uku cikin huɗu na dabbobin duniya sun ƙare. Rahoton da aka ciro adadin daga cikinsa bai faɗi haka ba, kuma gara mutum ya san abin da ya faɗa kafin ya tura wa wani.

Adadin ya fito ne daga wani ma'auni da ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta fara fitarwa a 1998, wanda yanzu take haɗawa da ƙungiyar masana dabbobi ta Landan, ZSL. Ba wanda ya bi dazuzzukan duniya yana ƙirga dabbobi. Ƙidayar da masu bincike suka riga suka yi ake tattarawa: garken giwaye a wannan gandun daji, kifin wancan kogi, tsuntsayen wata fadama. A rahoton 2024 an haɗa rukuni kusan 35,000 na nau'o'in dabbobi 5,495, daga 1970 zuwa 2020. Kowane rukuni a duba da kashi nawa ya ƙaru ko ya ragu, sannan a fitar da matsakaici.

Nan gizo ke saƙar. A ce, don misali kawai, akwai zakuna 50 a wani daji suka koma 5, a wata fadama kuma agwagin ruwa 10,000 suka koma 9,000. In kawuna za a ƙirga, asarar kusan kashi 10 ce. Amma da irin lissafin wannan ma'auni, wanda ba ruwansa da girman garke, raguwar za ta fito kashi 70. Duka biyun gaskiya ne, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta. Cikin rukunan da ake bibiya ma, kusan rabi ne ke raguwa. Sauran ko dai suna nan yadda suke, ko suna ƙaruwa. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2020 ya nuna cewa in aka cire ƙasa da kashi 3 na rukunan, wato waɗanda suka fi zubewa, matsakaicin sai ya juya ya nuna ƙaruwa. Masana sun yi ta ja-in-ja a kansa.

Kada wannan ya sa kowa ya saki jiki, domin abin da ma'aunin bai gani ba shi ya fi damuna. Dabbobi masu ƙashin baya kaɗai yake lissafawa: masu shayarwa, tsuntsaye, kifaye, dangin kwaɗo da dangin ƙadangare. Babu ƙudan zuma a ciki, babu gara, babu tana, babu itace ko ciyawa, alhali su ne gonar manomi ta dogara a kansu. A Jamus, da aka auna ƙwari masu tashi a wuraren da ake karewa, binciken 2017 ya gano nauyinsu ya ragu da fiye da kashi 75 cikin shekara 27. Wa ya auna namu?

Ko cikin masu ƙashin bayan ma akwai 'yan lele. An fi samun doguwar ƙidaya daga Turai da Arewacin Amurka, inda akwai kuɗi da ma'aikata, kuma tsuntsaye da manyan dabbobi sun fi kwaɗi samun masu bin sawunsu. Ana ƙoƙarin daidaita wannan a lissafi, amma sakamakonsa shi ne 'yan rukunai kaɗan daga ƙasashe masu zafi su ɗauki nauyin wakiltar dubban da ba a taɓa dubawa ba. Kamar a yi ƙidayar jama'a ne a gidajen bakin titi, a ce an san yawan mutanen ƙauye.

Dubi yankinmu. Raƙuman dawa na Kure a Nijar sun tashi daga 49 a 1996 zuwa sama da 600, kuma mun san haka ne don an daɗe ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ungulu kuwa, wadda a da ba a raba ta da mayanka da bayan kasuwa, sai a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu ne suka ci ta. A garuruwa da yawa mahauta sun riga takarda lura.

Saboda haka in an kawo maka adadi, tambayi waɗanne dabbobi aka ƙirga, a ina, kuma daga wace shekara aka fara. Mai sha'awa kuma yana iya sa hannu: cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos na jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke shigar da sunayen tsuntsayen da suka gani a yankinsu ta wayar hannu.